Kiran Mai Gyaran Wuta da Gaggawa: Abin da Za a Sa Shi, da Yadda Za a Yi Jinga da Shi

 Yau mun ɗan jingine maganar buhun riɗi da na gero, za mu yi magana a kan wani ciniki da ko wannenmu yakan yi shi a rikice, ba tayi ba albarka, watau kiran mai gyaran wuta cikin dare, sa'ad da aka ji ƙauri a gida, ko akwatin wuta na shago ya kama tartsatsi.

Mu dai mutanen kasuwa ne. In an kawo mana buhu sai mun soka masa ƙarfe mun ga abin da ke tsakiya, in dabba ce sai mun buɗe baki mun duba haƙori. Amma da zarar waya ta fara hayaƙi, sai ka ga babban dillali ya tura yaro, ya ce je ka kira duk wanda ka samu. Yaro ya dawo da wani riƙe da filaya da salatif. Ba a tambaye shi wa ya koya masa ba, ba a tambaye shi nawa ba. Ya ɗaɗɗaure abin da ya ɗaɗɗaure, wuta ta dawo, aka yi masa godiya har da na goro. Abin da ya bari cikin bango kuwa, sai ranar da Allah ya tona.

To abin da muke so jama'a su riƙe shi ne, aikin dare daban, aikin rana daban. Aikin dare shi ne a kashe haɗari: a yanke wuta daga inda ta lalace, a tabbata ba abin da zai kama, mutane su kwanta lafiya. Gyara na sosai, da sayen kaya, da canja waya, wannan na rana ne, bayan ido ya ga abin da ya faru an kuma yi ciniki. Duk mai gyaran da ya zo da dare ya ce shi lalle sai ya dawo maka da wuta a ko'ina nan take, alhali bai gano abin da ya kashe ta ba, to ka yi hankali da shi.

Kafin ma a kira kowa akwai abin da mai gida zai yi da hannunsa. Ko wane gida ko shago da aka ja wa wuta yana da babban makunni kusa da mita, wasu suna ce masa giya. Ya kamata mai gida ya san inda yake, uwargida ta sani, babban yaron shago ya sani, kuma kada a jibge buhuna a gabansa. In an ji ƙauri irin na roba, ko an ga soket ya yi baƙi, ko akwati yana ƙara kamar ana soya ƙuli, ko ƙofar ƙarfe da famfo sun fara jan mutum, sai a sauke wannan makunni da busasshen hannu, ƙafa cikin takalmin roba. In akwai inji a kashe shi, in akwai sola da batir a kashe inbata, don sauke na kamfani kaɗai ba ya hana waɗannan tura wuta cikin waya. In har ta riga ta kama, kada a watsa mata ruwa muddin ba a yanke ta ba, yashi ake zubawa ko a fesa tukunyar kashe gobara mai hoda. In kuma ta riƙe mutum, kada a cafke shi da hannu, a yanke wuta ko a ture shi da busasshen itace, sa'an nan a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, saboda takan taɓa bugun zuciya ba a gani a waje.

Bayan wannan sai a leƙa maƙwabta. Wannan leƙe yana ceton kuɗi ƙwarai. In duk layin ne ya yi duhu, ko fitilun kowa suna haske fiye da kima suna fashewa, to ba aikin mai gyaranka ba ne, matsalar tana taransifoma ko falwaya. Dattawanmu har yanzu NEPA suke cewa, ita kuwa an kafa ta a 1972, ta koma PHCN a 2005, sa'an nan a watan Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Daga taransifoma zuwa falwaya har kan mita, hurumin kamfani ne. Daga bayan mita zuwa cikin gida, naka ne, nan ne mai gyara yake da iko. Wanda ya ce zai hau falwaya ya canja maka layi, ko ya buɗe mita ya zagaye ta, yana jawo maka abu biyu: ran mutum a wuyanka in wuta ta jefo shi, da laifin satar wuta wanda dokar lantarki ta 2023 ta tanadar wa hukunci. Kuma in an zo kamu, mai gida ake tambaya, shi mai filaya ya daɗe da tafiya. Hukumar NERC ma ta sha bayyanawa cewa sayen taransifoma da falwaya ba nauyin masu shan wuta ba ne, ko da yake mun san yadda ake karo-karo a unguwanni in duhu ya yi tsawo.

Maganar fitilu masu haske fiye da kima tana bukatar ƙarin bayani, don tana cinye dukiya a ƙiftawar ido. Wutar gida tana zuwa da ƙarfin bolt 230 zuwa 240 tsakanin waya mai rai da wayar dawowa, wadda masu aikin ke kira nutural. Tsakanin layi da layi kuwa, a inda aka ja layi uku, ƙarfin ya kai wajen 400 zuwa 415. In wayar dawowa ta tsinke ko ta saki a falwaya ko a cikin akwati, sai ƙarfin ya rabu ba daidai ba, wani ɗaki ya dushe kamar aci-bal-bal, wani ya yi ƙarfin da zai ƙone firiza da talabijin da cajar waya gaba ɗaya. Wannan yakan faru bayan iskar farkon damina ta jijjiga wayoyi. Duk wanda ya ga haka kada ya tsaya cire kaya ɗaya-ɗaya, ya sauke babban makunni kawai.

Yanzu sai akwatin kansa. Abin da ke cikinsa, ko fis ne irin na da mai siririyar waya, ko bireka irin na yanzu mai faɗuwa da kansa, aikinsu ɗaya: su mutu kafin wayar bango ta yi zafi. Mai gadi ne. In ya faɗi, faɗa maka yake yi akwai ɓarawo a ciki, ko kaya sun yi wa waya yawa, ko wayoyi biyu sun haɗu. Babbar ɓarnar da muke gani a shagunanmu ita ce, fis ya ƙone sau biyu, sai mai gyara ya ce wannan ƙarami ne, ya naɗa masa wayar tagulla mai kauri, ko ya cire bireka mai amfiya 10 ya sa mai 32. Wuta ta daina ɗaukewa, mai shago ya yi murna ya ce ya sami gwani. Alhali an kori mai gadi ne don yana yawan ihu. Daga ranar nan, in abu ya faru, wayar da ke bi ta cikin silin ita ce za ta zama fis, ita za ta narke, a saman kayanka.

Mun taɓa ganin wannan da idonmu a sito ɗin wani abokin cinikinmu. Ya ƙara firiza biyu na ƙanƙara lokacin azumi a cikin bazara, duk a kan layin da aka ja tun farko don ƙwai biyu da fanka. Bireka yana ta faɗuwa, ya kira wani, aka sa masa babba. Kwana bai fi goma ba yaron da ke kwana a ciki ya farka da ƙauri, ya sami robar waya tana ɗiga a kan buhunan soɓorodo. Allah ya kiyaye ya san inda makunni yake. Da aka fasa aka duba, wayar ta yi baƙi tun daga akwati har ƙarshen ɗaki. Kuɗin sake ta bai kai kuɗin buhu uku daga cikin waɗanda ke ƙasanta ba.

Lissafin ba shi da wuya ga wanda ya saba da mudu da tiya. Ko wace waya tana da iyakar abin da take ɗauka, kamar jaki da mangala. Mai kaurin milimita 1.5 ta fitilu ce da fanka, bireka ɗinta yakan zama amfiya 6 ko 10. Mai 2.5 ta soket ce. Mai 4 ko 6 ta na'urar sanyaya ɗaki ce da murhun lantarki da babbar hita. Babbar wayar da ke shigowa daga mita zuwa akwati takan zama 10 ko 16. Soket ɗin nan mai ƙafa uku da muke da shi amfiya 13 yake ɗauka, watau wajen wat 3,000, nan ya tsaya. Hitar da ake tsoma wa cikin bokiti da hunturu ita kaɗai takan ci wat 1,000 zuwa 2,000, dutsen guga ma ya haura 1,000. To ka haɗa su a soket ɗaya ta hanyar jona mai baki huɗu, ka ƙara firiza, wadda a lokacin tashi take jan ninkin abin da take ci tana tafiya. Kuma in wuta ta zo da rauni, kamar yadda take zuwa a ƙarshen dogon layi, injin firiza da na famfo sukan yi ta nishi suna zafi har su ƙone. Mai gyara na ƙwarai, kafin ya taɓa akwati, sai ya tambaye ka me da me ka jona, kuma me ka ƙara kwanan nan. Wanda bai yi wannan tambaya ba, ba magani ya zo yi ba.

Akwai kuma wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar tagulla a binne ta a wuri mai laima. Gidaje da yawa ba su da ita sam, wasu kuma akwai ta a soket amma ba ta je ko'ina ba. Ita ce ke kwashe wutar da ta zubo a jikin firiza ko injin markaɗe ta kai ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Ƙasar wajenmu yashi ce mai bushewa da rani, saboda haka sandar tana son a zurfafa ta, a kuma auna ta da na'ura, ba a soka ta taƙi biyu a ce an gama ba. Tare da ita akwai wani bireka na musamman mai maɓallin gwaji a jikinsa, wanda yake yanke wuta da zarar ta fara zuba, tun tana miliamfiya 30. Gidan da ke da yara da famfo mai inji bai kamata ya rasa shi ba. In ya yi ta faɗuwa da damina, bango ne ya jiƙe ko ruwa ya shiga wani soket na waje, sai a nemo wurin. Cire shi ba gyara ba ne.

To wa za a kira? Ba a fafe gora ranar tafiya. Yadda ko wannenmu yake da direban da yake ɗauko masa kaya da mai awon da ya yarda da shi, haka ya kamata ya zama yana da mai wutarsa tun ana zaune lafiya, lambarsa a rubuce a jikin bango kusa da mita. Wannan ya fi matsa wa mutanen Gwiwa da Roni da ƙauyukan Babura, inda ƙwararre ba ya kwana a ko wace unguwa, kuma motar 'yan kwana-kwana kafin ta iso an daɗe. Hanyar gane shi ita ce hanyar da muke gane kowa a kasuwa: wa ya san shi, ina shagonsa ko na maigidansa, gidan wa da wa ya yi wa wayarin, shekara nawa ke nan, kuma sun sake kiransa? A je a ga aikin. A buɗe akwatin da ya haɗa, in wayoyi a jere suke, ko wane bireka da rubutun ɗakin da yake riƙe, ba ƙulle-ƙullen salatif, to hannunsa mai tsabta ne.

Takarda ma tana da amfani, kada kunya ta hana tambaya. Akwai shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai daraja uku, ta uku ita ce farko, ta ɗaya ita ce babba. Akwai ta NABTEB ta waɗanda suka fito makarantun koyon sana'a. Akwai waɗanda suka yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Hussaini Adamu da ke nan Kazaure. Sa'an nan hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin ja wa gini wuta shaidar ƙwarewa, ita ke da ikon duba aiki. Ba mu ce duk mai takarda gwani ne ba, ba mu kuma ce wanda ya koya a hannun ubangida bai iya ba, mun san tsofaffin hannu da ba su taɓa zama aji ba amma aikinsu ya shekara talatin ba tangarɗa. Sai dai babban aiki, kamar sake akwati ko jan layi uku na injin niƙa, a ba mai shaida, don in wani abu ya biyo baya akwai wanda za a riƙe. Ka kuma dubi jakarsa in ya zo. Testa mai ɗan ƙwai a gindi tana nuna akwai wuta ne kurum, ba ta faɗin nawa. Wanda ya zo da na'urar awo mai allura ko mai lamba, ya auna kafin ya taɓa, ya sake aunawa bayan ya gama, shi ne ya zo aiki.

Sai jinga. A nan ne ake yi mana sakiyar da ba ruwa, mu da muke ganin mun iya ciniki. Tun a waya a raba magana uku: kuɗin zuwa, kuɗin hannu, kuɗin kaya. Kuɗin zuwa na dare ya fi na rana, wannan gaskiya ne, mutum ya bar barcinsa ya ƙona man babur, kada a yi masa ƙwauro. A yanke shi kafin ya taso. Kuɗin hannu na gyara sai da safe, bayan ya nuna maka abin da ya lalace da idonka. A sabon aiki sukan yi lissafi ne a kan ko wane wuri da aka fitar da wuta, ƙwai ɗaya wuri ɗaya, soket ɗaya wuri ɗaya, saboda haka a zaga tare a ƙidaya, a rubuta. Kafin alƙalami kada ya wuce na kaya, cikon sai an kawo wuta an gwada an ga komai ya zauna. Kayan da aka cire a bar maka su, don tsohuwar wayar tagulla kuɗi ce a wajen 'yan gwangwan, kuma da ita za ka tabbatar an canja abin da aka ce an canja.

Kaya kuwa, shawararmu ita ce shi ya rubuta, kai ka saya, ko ku tafi tare, ko a Kazaure ko a Kano. In ka bar masa dunƙule, to ribarsa tana cikin rage ingancin waya, kai kuma ba za ka gani ba tunda cikin bango za ta shiga. Jabun waya iri-iri ne. Akwai wadda aka rubuta 2.5 amma cikinta bai kai ba, robar ce aka kaurara. Akwai alminiyom da aka shafa wa ruwan tagulla, in ka kankare bakin da wuƙa sai ka ga fari, kuma ƙunshin ba shi da nauyi a hannu. Akwai wadda aka ce mita 100 ce a ƙunshi amma in an warware ba ta cika ba. Kamfanonin gida irin su Cutix da Coleman da Nigerchin sun yi suna a waya, shi ya sa ma ake buga sunansu a kan jabu, don haka suna kaɗai bai isa ba, a duba tambarin hukumar SON, a kankare, a ɗaga a ji nauyi, a karɓi rasit mai sunan shago. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kada mu manta da inji, don kusan ko wane shago yanzu yana da shi ko yana jan waya daga na maƙwabci. Dole a sa makunnin canji, wanda in ya kama inji ya saki layin kamfani, in ya kama layin kamfani ya saki inji. Masu soka wayar inji kai tsaye cikin soket suna tura wuta baya zuwa falwaya, ta iya kashe ma'aikacin da ya hau yana zaton layi a mace yake, kuma in an kawo wuta bagatatan inji ya tashi aiki. Shi kuma injin a waje yake kwana, ba a zaure ko cikin shago a rufe ba, hayaƙinsa ba ya wari sosai amma yana kashe mutane cikin barci.

Waɗanda ke sayayya a Kano ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba, wadda ta tashi cikin dare ta cinye dubban shaguna, wata guda bayan ta kasuwar Singa. Kasuwa rumfa jikin rumfa take, wayar mutum ɗaya ta shafi layi duka. Saboda haka muna ba sarakunan kasuwa da shugabannin layi shawara su ajiye mai wuta ɗaya ko biyu da aka yarda da su, a sa musu ɗan abin wata daga kuɗin ƙungiya, su zaga su duba akwatuna sau biyu a shekara, kafin hunturu lokacin hita, da kafin bazara lokacin firiza da fanka. Mai gadin dare ya riƙe lambarsu, ya kuma san inda babban makunnin layi yake. Ko wane mai shago kuma ya sauke nasa kafin ya sa kwaɗo, sai fa mai firiza, shi sai a ja masa layinsa daban da bireka nasa, a kashe sauran.

In mai gyara ya gama aiki kada a sallame shi a bakin ƙofa. A kunna duk abin da aka saba kunnawa lokaci ɗaya, a bar shi kamar rabin awa, sa'an nan a ɗora bayan hannu a kan murfin akwati da fuskar soket, in akwai ɗumi aiki bai ƙare ba. Ya danna maɓallin gwaji a gabanka ka ga wuta ta yanke. Ya rubuta a takarda abin da ya canja da girman bireka da ranar da ya yi, a liƙa ta a cikin murfin akwatin, don wanda zai zo bayansa ya san inda aka kwana.